Na Gano, Na Kasa Bayani

Ya Kaltum,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Mama? Na ji bam ya sake tashi a Gamboru, Allah ya tsare ku.

Ni lafiya lau a Malesiya, abinci ne kawai ba ya shiga. Lissafin da na shekara uku ina nema, na gano shi. Amma jiya na cika allo gaban malamai, babbansu ya ce, "Wataƙila daidai ne, sai dai ba mu gane ba." Wata guda suka ba ni, ko su sallame ni.

Ke da kike koya wa yara ɗari lissafi a sansanin gudun hijira, yaya kike yi su gane? Don Allah ki koya mini. Kar Mama ta ji.

Ƙanwarki,
Muhsinat