Farfesana ya fara mantuwa, kasafin bincikenmu kuma yana hannunsa

Anti, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. Ni malamar jami'a ce a sashen nazarin ƙasar noma. Farfesan da ya duba digirina na uku, wanda nake kira Baba, shi ke jagorantar neman tallafin bincikenmu kan gishirin da ke kashe gonaki. Kasafin kuɗi kuwa ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Har tsokanarsa ake yi, wai ko allura ya saya sai ya nemi rasit.

Makon jiya ya ba ni takardun in buga. Ina karantawa na fara ganin kurakurai. Farashin mai da na sinadarai duk na shekarun baya ne. Ya sa na'urar awo sau biyu, ya manta kason jami'a. Abin da ya sa ni kuka, ya ware alawus ga direbanmu, alhali shi da kansa ya kai mu ta'aziyyarsa bara.

Da ma na lura yakan tsaya tsakiyar lacca yana kallon allo, na ɗauka gajiya ce. In na miƙa haka za a watsar da mu, ga ɗalibai uku da sai da wannan tallafin za su gama karatu. In na kai wa shugaban sashe, na tona masa asiri. In na gyara a ɓoye, sa hannunsa ne a kai. Mutumin da ya hana a kore ni lokacin da na haihu ina tsakiyar karatu! Wa'adi ya matso, na rasa yadda zan yi.

Ɗalibarsa

Ƙanwata, na ji nauyin da ke zuciyarki. Amma kada ki miƙa shi haka, kada kuma ki gyara a bayan idonsa. Na farko zaluntar ɗaliban ne, na biyu in ya gano zai fi masa ciwo.

Ki karɓo sabon farashi a rubuce daga masu sayar da kayan, ki same shi shi kaɗai, ki ce kaya sun tashi, ku bi layi-layi tare. Ki roƙe shi ya bar miki lissafin a matsayin koyon aiki, shi ya duba ya sa hannu. Ba yaudara ba ce, da ma lokacinki ya yi. In kun zo kan direban, ki faɗa masa gaskiya a hankali.

Sai dai kasafin shi ne ƙaramar matsalar. Ki je gidansa ki zauna da matarsa. Wataƙila ta riga ki gani, tana jiran wanda za ta faɗa wa. Likita ne zai ce mene ne, ba ni ba, ba ke ba. In ta tabbata, shugaban sashe zai sani, amma daga bakin Baba da iyalinsa.

Ki je gobe, tun yana iya yanke shawara da kansa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ƙarfin zuciya.