Bunsurun da Inna Ta Yi Wa Gunki Alkawari

Daga Bawa, a Ƙofar Dundaye ta birnin Sakkwato, zuwa ga matata Rabi a Jega.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya cikin kiyayewar Ubangiji. Bayan haka, na sami Inna da rai. Uban gidan da ya saye ta bayan an ci garinmu ya 'yanta ta da ta tsufa, ya bar mata bukka a bayan gidansa. Da shasshawar fuskata ta gane ni. Ta yi ta shafa kaina tana kuka, ni da furfurata.

Sai dai murnata ba ta daɗe ba. Kukan bai bushe ba ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado. Kin san abin da ke ciki? Guntun iccen nan na gidanmu da take kira Mai Tsaro, ya yi baƙi ƙirin da tsohon jini, gashin kaza duk ya manne masa, yana wari kamar mushe. A waje takan yi salla tare da matan gida, a ɗaki kuma ta zuba wa wannan abu furar da ita kanta ba ta ƙoshi da ita ba. Ta ce mini, "Wanga shi yam maido min kai. Na yi mai alkawalin baƙin bunsuru, kuma da hannunka za ka yanka."

Mai Tsaro! Ranar da mahara suka shigo, ita ta ɗauke shi ta gudu, ba shi ya ɗauke ta ba. Na gaya mata wanda ya fitar da ni daga jirgin bayi ya kai ni Saliyo, har na ji Linjila, shi ne Allah mai rai, kuma ba ya kwana a tukunya. Tun ranar ba ta sake duban fuskata ba. Jikinta kuma ya yi rauni sosai.

Ki yi mana addu'a. Ki huta lafiya.

*

Daga Rabi zuwa ga maigidana.

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da jiki. Takardarka ta iso ta hannun masu goro.

Maigida, ba sai ka koya mini raina gunki ba. A gabana aka zubar da na kakata a rafi, ko kifi bai kula shi ba. Amma na san bakinka. Na tabbata yadda ka rubuto mini haka ka faɗa wa tsohuwar, har da dariyar nan taka ta hanci. Matar da aka ƙwace wa ɗa, ta rasa wanda za ta kai wa kuka sai icce, ita ka tsaya yi wa wa'azi kamar kana kasuwar Lakwaja?

Ban ce ka yanka ba. In ka yanka, kada ka dawo mini da hannun nan. Amma ka sayi bunsurun, ka yi sadakarsa don Allah, ka dafa mata romo ta sha. Kuma ka rage murya. Garin ba naka ba ne: in zancen tukunya ya fita ita za ta sha wuya, in aka bincika kai ma ba za a rasa abin tambayarka ba.

Allah ya ba ta sauƙi. Wassalam.

*

Daga Bawa zuwa ga Rabi.

Bayan gaisuwa, na bi shawararki. Na sayi bunsuru, na kai wa Malam Hayatu, fatoman da ya sauke ni, ya yanka da sunan Allah, aka rarraba wa maƙwabta. Malam ya san ni Banasare ne mai bin Almasihu, bai taɓa ɗaga mini zancen ba.

Na kai wa Inna romo, ta ture ƙwaryar da ƙafa. Ta ce na saci naman Mai Tsaro na ba baƙi. Sannan ta faɗi abin da nake tsoro: "In ba ka durƙusa mai ba, ba ni yahe maka nonon da ka sha."

Rabi, na tsaya a ƙofar bukkar nan. Na ratso daji da ruwa don in ji albarka daga bakinta, ga shi an ɗaure albarkar a jikin ruɓaɓɓen icce mai ido ɗaya, don gara ta cinye ɗayan. Na durƙusa, amma a gabanta, na ba tukunyar baya. Na ce, "Inna, ke zan durƙusa miki har in mutu. Shi kuwa a'a. Almasihu bai sake ni a cikin teku ba, ni ma ba zan sake shi a cikin ɗakinki ba." Ban ɗaga murya ba, ki shaida.

Yanzu ba ta iya tashi. Ta rungume abin a ƙirjinta tana roƙonsa ya tashe ta. Ni nake juya ta, ni nake kore mata ƙudaje, shi yana kwance yana jiran fura.

Ki huta lafiya.

*

Rabi,

Inna ta rasu ranar Laraba da hantsi. Ba ta ce ta yafe ba. Amma da ƙishi ya kama ta sunana ta kira, kuma a hannuna ta sha ruwan.

Kafin matan gida su shigo yi mata wanka na zare abin daga jikinta na jefa shi bayan danga, don kada a hana ta sutura. Wata maƙwabciya ta tsince shi, ba ta san ko mene ne ba, ta cusa shi a murhun ruwan zafi. Ina ji tana ta mita, wai wane irin banzan icce ne wannan, sai hayaƙi, ba wuta.

Ina tafe tare da ayarin gishiri. Ki yi mini addu'a, zuciyata ba ta da daɗi.

Mijinki, Bawa.