Harajin Kawu Nagoda

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yaya Ilyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Mu nan kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya da kanta. 'Yata Rauda kuma ta fara haƙori, ta hana kowa sakat.

Abin da ya sa na rubuto shi ne maganar Kawu Nagoda. Ka san maigidana Junaidu ma'aikacin haraji ne. To, bana aka tura shi duba harkokin manyan 'yan kasuwar hatsi, sunan Kawu kuwa yana ciki. Ya roƙi a ba wani saboda surukuta, bai samu ba. Da ya je, sai ya tarar har yau Kawu yana biya ne a matsayin mai shago ɗaya, kamar yadda ya fara tun muna yara. Manyan motocin nan, da rumbunansa na unguwar Kwangila, da gidajen hayar ɗalibai na unguwar Kongo, duk ba a san da zamansu ba. Ni da nake koyarwa a firamare, ana yanke nawa tun albashi bai iso hannuna ba, wai ashe na fi Kawu biya. Dariya ma abin ya ba ni.

Kawu bai yi musu ba. Ya kira Junaidu zaure, ya ce shi duk shekara yana fitar da zakka cif a idon jama'a, ya haƙa wa unguwa rijiyar burtsatse, ya gyara kwalbatin da aka manta da shi. Ya ce haƙƙin Allah ya bayar kuma yana ganin bakin da ya ci, na gwamnati kuwa wa ya taɓa ganin inda yake shiga? Ban ce maganarsa ba ta da kai ba. Sai dai ni ma ban ga inda nawa yake shiga ba, kuma ba wanda ya taɓa neman yardata. Junaidu ya ce masa zakka daban, haraji daban. Ya rubuta abin da ya gani, ya miƙa.

Ka san Kawu, ba ya ɗaga murya. Amma ka tuna gidan da Inna take ciki nasa ne, aro ya ba ƙanwarsa tun rasuwar Baba. Shekaranjiya sai ga magina ya turo da igiyar awo, wai za a fasa zauren da ɗakunan a yi shaguna, tunda yanzu kowane gida sai ya ciyar da kansa. Dangi suna ta cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wai tunda mun ci arzikin Kawu, da Junaidu ya rufa masa asiri. Ban ga laifin Junaidu ba, amma raina ya ɓaci da na ga Inna zaune a kan tabarma tana janye ƙafa don igiyar ta wuce.

Ka gaida Anti Sumaiya, da Jamaluddeen, da 'yar auta Ikhlas. Inna ma tana gaishe ku. Ta ce kada ka kira Kawu ka roƙe shi, ba ta so. Ta ce dai in tambaye ka ko ɗakin nan na bayan gidanka na Hanwa har yanzu ba kowa a ciki.

Taka ƙanwa,
Ummuhani.