Sunan Na Bakwai

Litinin, 5 ga Mayu

Babana, jikan nan nawa, zai dawo ranar Asabar. Uwarsa ce ta faɗa mini da safe, tana miƙo mini shayi, idonta a ƙasa. Na ce ai da sauran shekara guda ya gama. Ta ce, "Hutu ne, Baba." Shekara uku bai zo hutu ba, sai yanzu? Ban ja maganar ba.

Na zaro littafin nan daga ƙarƙashin akwatin kayan aiki. Shi ya bar mini shi ranar da zai tafi karatu ƙasar waje. Shi ne ma ya koya mini baƙaƙen nan a bayan kwalin batir, yana ɗan shekara goma, ni ina da sittin da biyar. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Nufinsa in rubuta kakanninmu goma sha ɗaya. Na ce masa kakanni a baki suke zama, ranar da aka kwantar da su a takarda ranar aka binne su. Mahaifina a kunne ya zuba mini su, shi ma haka aka yi masa. Ɗana ya rasu bai gama riƙe su ba. Saura jikan nan, mai sunan mahaifina, shi ya sa bakina ba ya iya kiransa da komai sai Babana.

Littafi dai ga shi. Zan rubuta komai a ciki, ban da su.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na kwance agogon aljihun mahaifina, na wanke, na sa mai. Shi zan ba shi. Tela maƙwabcina ya leƙo daga kan kekensa ya ce, "Mai Agogo, injiniyan naka ne zai sauka?" Na ce shi fa, yaron da duk asubar da na kira shi idonsa biyu, karatu ya hana shi barci. Tela ya ce, "Uhm," ya ci gaba da taka keke. Ban son uhm ɗin nan nasa.

Asabar, 10 ga Mayu

Ya iso. Ya rame, gashi ya taru a ka kamar sheƙar tsuntsu. Jaka ɗaya ce da shi, sai wani baƙin akwati mai maɓallai da ya rungume kamar jariri, ya hana direba taɓawa.

Ya ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, har yanzu kana nan ka tare mini ɗaki?" Na ce sai na ga furfurarka tukuna, mummuna. Muka yi dariya. Da na riƙe hannunsa sai na ji sanyi, kuma bai bari mun haɗa ido ba.

Tsarabata agogon hannu ne marar hannaye, wai da wuta ake ciyar da shi kullum. Ni za a kawo wa wannan.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ya yi barci har la'asar. Uwarsa ta ce bambancin lokaci ne.

Talata, 13 ga Mayu

Ya zauna a bencin gaban teburina yana ba ni labarin ƙasashe. Huɗu ya zaga, a jirgin ƙasa. Wani gari da aka gina a kan ruwa. Wata tasha da ya kwana a kan akwatinsa saboda jirgi ya tafi ya bar shi. Wani titi da fitilunsa ke sauya launi, mutane na cin abinci a tsaye ƙarfe huɗu na asuba. Yana magana hannunsa na buga benci, bai ma sani ba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai da ya tashi na zauna ina juya labaran ɗaya ɗaya, kamar yadda nake juya agogo in nemo inda ya tsaya. Babu malami a ciki ko ɗaya. Babu aji. Duk labarin nan nasa babu rana a cikinsa.

Juma'a, 16 ga Mayu

Abin da na gani yau sai na rubuta shi.

Tela ya zo da wayarsa, ya ce, "Ba tsegumi na kawo ba, amma ai gara ka ji daga bakin maƙwabci." Ƙarya yake, daɗi yake ji. Na sa tabarau. Wani ɗaki ne ƙato, duhu, fitilu na walƙiya ja da shuɗi. Mutane cunkus, maza da mata, tufafin wasu bai kai hankici ba, kofuna a sama. Can a kan dakali ga jikana, abin ji a kunne, yana murɗa maɓallan baƙin akwatin nan. Shi ke sa musu kiɗa. Gidan rawa.

Na ce to, yaro ne, na ga abin da ya fi wannan. Tela ya ce, "Saurara dai."

Sai na ji muryata.

Muryata ce, da tarina da komai. Daren da zai tafi ya ce, "Tsoho, jero mini su in ɗauka a waya, in na yi kewarka in ji." Na jero masa, har na yi ƙwalla. Ita ce ya yayyanka ya ɗora a kan ganga. Na ji na kira na farko, sai dum dum dum. Na kira na biyu, sai ɗakin gaba ɗaya ya amsa, da karkataccen harshe, suna tsalle. Mutanen da ko ruwan wanke hannu ba su isa su miƙa wa kakana ba.

Na miƙa wa Tela wayarsa tun kafin a kai na huɗu. Na rufe tebur da rana tsaka. Shekara hamsin ban taɓa ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Na kira shi ɗakina, na tura ƙofa. Bai musa ba. Makaranta ya bar ta tun bara. Uwarsa ta sani. Kowa ya sani, har Tela, ni kaɗai ke yawo da injiniya a baki.

Abin da na riƙe daga maganarsa kaɗan ne. Wai shekarar farko ɗakinsa kamar kabari, sanyi, ba mai ce masa sannu, in bai kunna muryata ba barci ba ya zuwa. Wai a can babu mai iya faɗin sunansa daidai, har ya gaji ya bar musu wanda suka laƙa masa. "Amma Tsoho, mutum ɗari biyar na kiran kakanninmu a dare ɗaya. A nan mutum nawa ke kiran su?"

Na ce mutum ɗaya, da tsarkinsa.

Na ce masa amana na ba shi ya kai kasuwa. Na ce daga yau kada sunan ko ɗaya daga cikinsu ya sake fitowa daga bakinsa. Na ce sunan da yake ɗauke da shi ma aro ne, da ana karɓewa da na karɓe. Wannan ta ƙarshen... na faɗa dai.

Ya ce, "To, Kaka." Bai taɓa ce mini Kaka ba.

Na mayar da agogon mahaifina cikin akwati.

Laraba, 21 ga Mayu

Yaron ya gaishe ni a tsakar gida. Na amsa wa bango.

Asabar, 24 ga Mayu

Agogon bangon ɗakina murɗi goma sha ɗaya yake ci. Kowace asuba in na sa makulli, murɗi ɗaya suna ɗaya, haka nake yi tun ina saurayi. Yau na yi shida. Na murɗa na bakwai, bakina a buɗe, babu komai.

Na koma farko. Shida, sai rami. Na tsallaka zuwa na takwas, yana nan, har zuwa mahaifina duk suna nan. Na bakwai ne babu.

Gajiya ce. Gobe zai zo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Bai zo ba.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na gwada a kwance, na gwada ina tafiya. Na gwada da irin muryar mahaifina. Na tuna yana rage murya in ya zo wurin, yana saurin wucewa, ni ma haka na koya. Ko shi ya sa? Abin da ka saba wucewa da gudu, wata rana shi zai wuce ka.

Yayata ce kaɗai ta san su bayan ni, ita kuma shekararta tara a ƙasa.

Wata mata ta kawo agogo a sa batir, na sa shi a juye. Tela ya gani, bai yi tsiya ba. Da ma tsiyar ya yi.

Litinin, 2 ga Yuni

Surukata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, ba ka cin abinci." Na ce ƙoshi ne. Ta ce yaron zai koma ranar Juma'a, an kira shi aiki, irin aikin nasa. Ta ce, "Ko sau ɗaya ka kira shi, ba don ni ba." Na ce hanya ai ba ta gaji da shi ba, ya bi ta.

Da ta tafi na zauna ina kallon agogon bango. Mutum goma sha ɗaya suka miƙo abu hannu da hannu, bai faɗi ba sai a nawa. Na zagi yaro a kan ya kai su kasuwa. Ni kuma na zubar da ɗaya a tsakar ɗaki, ban ma ji ƙarar faɗuwarsa ba.

Ba zan tambaye shi ba. Da wane bakin?

Laraba, 4 ga Yuni

Ashe yana ji. Ɗakinsa na jikin nawa, kuma lokacin da nake tashi shi bai kwanta ba. Kwana goma sha biyu yana jin ina kaiwa shida ina tsayawa.

Da hantsi ya zo teburina. Bai zauna ba. Ya ajiye wayarsa da abin ji a kunne kusa da gilashin idona, ya nuna mini inda ake dannawa. Na ce ɗauke tarkacenka. Ya ce, "Ka hana bakina, ban kuma karya ba. Wannan ba bakina ba ne, Tsoho. Bakinka ne."

Ya tafi. Na rufe wayar da tsumman goge agogo. Tana nan har yamma. Na shigo da ita ɗaki don kada a sace, ba don komai ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na nemi inda ake cire gangar a bar muryar, ban samu ba. Dole na ji da ita.

Sau uku na cire abin daga kunnena kafin a kai na biyar. Na shida ya wuce. Sai gangar ta ɗauke gaba ɗaya, ɗif. A cikin shirun nan na ji kaina, da ƙaramar murya, da sauri, ina faɗin sunan. Yaron bai bar shi ya wuce ba. Ya dawo da shi, ya sake dawo da shi, kowane karo ya fi na baya ƙarfi, sau bakwai na ƙirga, sannan gangar ta faɗo.

Da sunan ya dawo, labarinsa ya biyo shi. Wanda ya bi makaɗa ya bar gida shekara tara, ya dawo ba shi da komai sai tari da waƙa. Shi ya sa ake rage murya. Amma shi ya haifi na takwas. Ban taɓa ba yaron labarin nan ba, ban san yadda aka yi ya tsaya a kansa ba.

Na daɗe a zaune. Rigata ta jiƙe, zafi ake yi.

Abu ɗaya zan faɗa a matsayina na mai gyaran agogo: na ɗora kiɗan a kan agogon bango, minti shida, bai yi gaba ba bai yi baya ba ko da daƙiƙa. Wannan ba yabo ba ne. Aiki ne na gani.

Juma'a, 6 ga Yuni

Ya tafi da ƙarfe goma. Na fito ne don in mayar masa da wayarsa. Agogon mahaifina kuma ya tsufa a akwati, zama na ɓata shi, gara a hannun da zai riƙa murɗa shi. Na ce kullum da asuba, in ya dawo daga inda yake zuwa, kafin ya kwanta. Ya ce, "Murɗi nawa yake ci?" Na ce kai ma ka sani, murɗi ɗaya suna ɗaya. Na ce a hankali, ba a gaban mutane ba.

Direba na ta hon, na ja kunnensa na zuba masa labarin na bakwai a tsaye. Ya rungume ni har tabarau ya faɗi. Ban ce na yafe ba. Bai tambaya ba.

Gidan shiru. Tela ya aiko da shayi, na sha.

Biron nan kamar yana neman ƙarewa, bari in gwada shi a nan ƙasa da sunan na bakwai.

Kwana-Waje.

Yana yi. Ko jirgin Babana ya tashi yanzu?