Talatar da Ba a Rubuta Ba

Lusikisiki,
Lahadi, 16 ga Maris.

Zuwa ga Yaya Vuyelwa,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin aikin asibitin da kike yi a Cape Town, ya raba ki da ciwon bayan nan da tsayuwa ta jawo miki. Mu nan sai godiya. Masara ta yi kyau bana, in ban da gonar gangare da awakin maƙwabta suka yi wa aski. Lutho yana aji huɗu yanzu, Asemahle kuwa haƙoranta biyu na gaba sun fita, ta daina dariya a gaban mutane. Ƙaninki, baban Lutho, ya yi waya daga Rustenburg ya ce sai Ista za su ba shi hutu. Ƙafar Mama tana nan yadda kika bar ta a Kirsimeti. Malaman asibiti sun ce muddin ana wanke gyambon ana canja bandeji duk Talata, kuma sugan bai hau ba, ba za a kai ga yankewa ba. Na zaɓi rubutu a kan waya ne domin kin san wayar gidan nan ba ta kamawa sai a bakin shingen shanu, inda al'ada ta hana matar ɗa tsayawa, kuma nan Baba yake wuni.

Yaya, kin san labarin Talatarmu tun da bas ta daina shigowa ƙauyen nan, amma ba ki taɓa ganinta da idonki ba, domin duk zuwanki da motar mijinki kike zuwa. Da asuba nake shimfiɗa bargo da matashi a cikin baro, in ɗora Mama, in tura. In mun kai rafi in cire takalmi in goya ta in haye, in dawo in ɗauko baron, sannan mu kama hawan tudun nan da ba ya ƙarewa. Awa biyu cur kafin mu ga kwalta. A nan zan ajiye baron a bayan shagon bakin hanya, mu tsaya jiran motar haya, su kuwa direbobin in sun hango tsohuwa da ƙafa a naɗe sai su ƙara wuta. Mama ita ce mai ba ni dariya a hanya. Wai ita ma ta yi mota a tsufanta, mai taya ɗaya, direbarta kuma ba ta da lasisi. Baba bai taɓa ganin fitarmu ba. Duk Talata tun kafin zakara ya yi cara yake kora shanu ya yi gabas, ba ya dawowa sai ya tabbata baro ya koma jikin bango.

To, ranar Laraba, kwana goma sha ɗaya ke nan, sai ga wata yarinya ta yi sallama, da katin aiki a wuya da 'yar kwamfutar hannu, sunanta Andiswa. Ta ce daga hukumar ƙididdiga ta ƙasa take, ana binciken yadda mutanen gidaje ke zirga-zirga, domin da shi masu tsara hanyoyi ke sanin inda ake bukatar bas da gada da titi. Ta ce ba kowane gida suke shiga ba, na'ura ce ke zaɓa, kuma a duk wannan gefen rafin gidanmu kaɗai ya faɗo. Abin da muka faɗa, shi zai tsaya a madadin ɗaruruwan gidaje irin namu. Ta kuma yi gaskiya, ta ce ba ta yi wa kowa alkawarin bas ba, amma inda takarda ta nuna babu mai fita, babu wanda zai ko yi tunanin tura mota can. Tsarinsu kuma shi ne rana ɗaya tak suke tambaya a kai, wato jiya: kowane mutum na gidan, ina ya je, ƙarfe nawa ya fita, ƙarfe nawa ya isa, da me ya tafi, minti nawa ya yi jira, ko da a ƙafa ne. Ina durƙushe ina zuba musu shayi na ji haka, sai murna ta kama ni, domin jiyan nan Talata ce. Na ce a raina yau Allah ya kawo mai rubuta wahalarmu.

Ashe ban san abin da ke tafe ba. Baba ya gyara zama, ya ba ta amsar komai dalla-dalla: mutum nawa, mota babu, keke babu, shanu kuwa har da sunayensu, ko da yake ba ta tambaya ba. Da ta zo kan jiya, sai ya ce shi ya kai shanu kiwo, yara sun je makaranta, shi ke nan. Ta ce matan gidan fa? Ya ce matan gidansa ba sa yawo. Wallahi Yaya, ina durƙushe a gabansa ya faɗi haka. Yarinyar ta dubi baron da ke jingine, bargon Mama ma ban cire ba, ta tambaya ko na mene ne. Ya ce na kwasar taki ne. Ta ce da ladabi ƙa'idarsu ita ce kowane babba ya ba da amsa da bakinsa. Ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce mata 'yata, ke 'yar gidan wane ne da ba a koya miki cewa in maigida na zaune baki ɗaya ne a gidan ba? Ta dube ni, ni kuma na ja ɗankwalina har goshi na sunkuyar da kai, kamar yadda na saba shekara goma sha ɗaya. Da za ta tafi sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, suna nan yankin har Juma'a, in wani ya tuna abin da aka manta ana iya gyarawa.

Alhamis, muna dawowa daga taron matan coci, na gan ta a gindin bishiya tana cin burodi. Na ja ta gefe na zazzage mata komai, har tafin hannuna na nuna mata. Ta ce ai ta sani, babu mai kwasar taki da matashi. Na ce to ki rubuta mana yanzu, ga ni ga ki. Ta girgiza kai, ta ce kwamfutar tana nuna inda aka tsaya aka cike amsa, in shugabarta ta ga an cike ta a gindin bishiya za ta ɗauka ƙirƙira ta yi, a zubar da amsar gidan duka, ita kuma a sallame ta. Dole sai a cikin gidan, kuma da bakina. Ta ce za ta dawo Juma'a da hantsi, in yi ta maza. Na kwana ina bitar abin da zan faɗa kamar mai shirin jarrabawa.

Ta cika alkawari ta zo. Baba na ganinta ya gane akwai magana, ya tambaya wa ya kira ta. Kafin ta amsa sai muryar Mama daga ɗaki, ta ce ita ta kira ta, a tambayi direbarta ta faɗi gaskiya. Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci irin na ranar ba. Ya miƙe tsaye ya ce shi da yake da ɗa a ma'adinai da 'ya ma'aikaciyar asibiti a birni, ba za a rubuta a littafin gwamnati cewa ana ɗaukar matarsa kamar buhun masara ba. Ya ce abin da ya rufe shekara biyu, ba yarinya mai kati a wuya ce za ta zo ta buɗe shi ba, duk wanda ya faɗa kuwa shi ya tuɓe wa riga a kasuwa. Andiswa ta juyo gare ni a hankali ta ce, 'yar'uwa, ranar Talata kin fita? Kalma ɗaya take jira. Yaya, a nan ne nake jin haushin kaina fiye da kowa. Bakina ya ƙi buɗuwa. Ni da nake tura mutum awa biyu a kan tudu, na kasa tura kalma ɗaya a gaban surukina. Na tsaya ina murza bakin mayafi har Baba ya ce mata ta gama, ta tafi. Ta ce ba ta da ikon tilasta kowa, ta yi mana godiya, ta rufe kwamfutarta. Na shiga kicin na yi kuka, ba don tausayin kaina ba, don takaici. Yanzu a can inda ake lissafi, ɗaruruwan gidaje ne a wannan gefen rafin da matansu ba sa zuwa ko'ina.

Kin san halin mahaifiyarki, ba ta faɗa da ihu. Ranar Litinin da yamma ina haɗa katin asibiti da magunguna sai ta ce in bar wahalar da kaina, gobe ba inda za ta. Na ce Mama, bandejin ya fara wari. Ta ce ta sani, ai ƙafarta ce. Ta ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida, ta ce shekara arba'in da shida ba ta taɓa ƙaryata mijinta ba, ba kuwa za ta fara yanzu ba. Tunda ya shaida wa gwamnati matan gidansa ba sa fita, to ita ta zauna ke nan, in ƙafar ta ruɓe a yanke a nan gida da wuƙar yankan akuya. Na roƙe ta har na gaji, ta juya fuska bango. Baba yana waje yana ji, abincin da na kai masa ma bai taɓa ba.

Da gari ya waye na fito, sai na tarar shanu na cikin shinge, Baba kuma yana tsaye da baro a ƙofar ɗakin Mama, ya shimfiɗa bargon a karkace. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce in riƙe jaka kawai. Tsoho mai shekara saba'in da huɗu, Yaya. Gangaren bai ba shi wuya ba, har Mama na tsokanarsa wai sabon direban ya fi tsohuwar gudu. A rafi ya goya ta da kansa, ruwa har gwiwa. Tudun ne ya nuna masa abin da ake nufi. Sau shida yana tsayawa, numfashinsa na fita da ƙyar, sau ɗaya ma baron ya nemi komawa baya da su duka biyu sai da na sa kafaɗa. Mutane sun gan shi. Maza masu tafiya gona suka cire hula suka gaishe shi suka kau da kai, a bakin rafi kuma muka haɗu da wani baron, jikar tsohon gidan Mqikela na tura kakanta. Baba ya daɗe yana kallonsu. Muka isa kwalta bayan awa uku da kwata, motoci huɗu suka wuce mu a cike. Duk tsawon hanyar na lura yana ta duba agogon hannunsa yana motsa baki, ban gane dalili ba. An dai wanke ƙafar, malamar ta ce da mun ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban.

Laraba da safe ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya ce in dafa shayi in fito da kofunan baƙi, in ajiye kujera biyu a inuwa. Hannuwansa duk sun yi bororo, ko maɓallin kwat ɗin sai Lutho ne ya saka masa kafin ya tafi makaranta. A aljihunsa akwai wata ambulan ta wasiƙa da ya rubuta komai a bayanta: fita biyar da minti arba'in, isa kwalta tara saura biyar, jiran mota minti hamsin. A tunaninsa tunda ranar Laraba ta zo tambayar Talata, wannan Larabar ma za ta zo. Na rasa yadda zan gaya masa. Shayi ya huce na ɗumama, ya sake hucewa. Da rana ta yi tsaka sai ya kira ni, kuma tun da na shigo gidan nan wannan ne karo na farko da ya tambaye ni wani abu yana jiran amsata. Ya ce yarinyar nan ba za ta zo ba ne? Na durƙusa na ce Baba, tun Juma'a suka rufe aikin yankin nan suka tafi. Ya ce to yaushe za su dawo? Na ce ta gaya mini irin wannan binciken sai bayan shekara biyar, wani lokaci bakwai, kuma ba lalle ne gidanmu ya sake faɗowa ba. Ya juya ya dubi ƙofar ɗakin Mama, ya daɗe. Sannan ya ninke takardar ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in aika miki.

Ga ta nan na haɗa a cikin wannan wasiƙar, da rubutunsa. Ya ce ke da kike birni kin san ofisoshi, ki nemi inda ake karɓa ki ba su, ki ce tsohon ne ya yi ƙarya, ba yarinyar ba, kada a taɓa mata aiki. Ni dai ina jin an riga an rufe karɓar amsa. In kin tambaya suka ce babu hali, don Allah kada ki gaya masa a waya, ki bari sai kin zo. Ki kuma yi magana da ƙaninki kafin Ista, ku biyu ku san yadda za a yi da Talatar nan, domin Baba ya rantse shi zai riƙa turawa daga yanzu, ni kuwa na ji yadda ƙirjinsa ke yi a kan tudu.

Ki gaishe mini da maigidanki Baban Sinazo da kyau, da Sinazo da ƙaninta Khwezi. Mama na gaishe ku, ta ce ki turo mata man shafawar nan na ƙafa. Lutho da Asemahle na gaida gwaggonsu. Baba ma yana gaisuwa, ya ce yana jiran amsa. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce matar ƙaninki,
Nosakhele.