Simintinka Ya Hana Ni Zama

Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fatan Inna tana lafiya, da ƙafarta, da yara duka. Kai ban tambayi lafiyarka ba, na san bakinka dai lafiya lau yake.

Tun da ka ga hotona ka ce na ajiye tumbi, na bi shawararka: in kwanta rigingine a kan siminti, in riƙa tashi zaune. To, ƙashin nan na ƙarshen baya ya gurje, wurin ya kumbura. Direba ne ni, Yaya, da zama nake cin abinci. Yanzu a karkace nake tuƙi, har maigida ya fara yi mini wani kallo. Kada ka faɗa wa Inna, da sauƙi.

Na ji ka fara koya wa ɗana. In dole ne, ka ninka masa bargo, ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga kafaɗu kawai, in ya ji zafi ya bari. In ba za ka iya ba, ka fita harkarsa.

Allah ya shirye ka. A tsaye na rubuta wannan, tumbin kuma yana nan.

Ƙaninka