Shinkafar da Ta Kwana da Sabulu

Madain Fahd, Jidda
Sha'aban 1411

Zuwa ga Yaya Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Ubale da yara da dukan mutanen Damagaram. Allah ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan, ya kai mu watan azumi lafiya. Mu nan sai godiya. Yaƙi ya ƙare, mu a Jidda ko ƙarar bindiga ba mu ji ba. Maigidana, ƙanenki Abdulghaffar, yana nan yana tuƙa kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, tsakanin gari da Abhur. Mahaifiyarku Inna ce dai ta daina cin abinci, kuma saboda ita na zauna rubutun nan.

Kin san ƙanenki da tanadi. Tun da aka fara maganar yaƙi kowa a unguwa ya sayi shinkafa da sukari ya ajiye, shi ma ya saya, ban ga laifinsa ba. Amma sai ya ƙara da sabulu, kwali kan kwali, wai in aka rufe teku abinci kowa zai tuna da shi, sabulu ne za a nema a rasa. Bai tsaya nan ba. Ya zauna ya ɓare kowane ɗaya daga takardarsa, don sabulun da ya sha iska ya bushe ya fi jimawa a hannu. Wannan gaskiya ne, na yarda. Sai ya jera su a ƙaramin sitonmu, a kan buhunan shinkafa, gefen sukari da ganyen shayi da dabino, har da garin geron da kika aiko wa Inna. Ya bi taga da bakin ƙofa ya liƙe da salatif saboda iskar guba, ya sa makulli a aljihu. Na ce masa shinkafa tana ɗaukar ƙamshi, ya ce abin da aka koya mana a jami'a ke nan? Ya ce in bar maganar yaƙi ga maza. Na bari.

Da aka ce an yi sulhu ya buɗe ɗakin yana murmushi kamar shi ya ci yaƙin. Yaya, iskar guba ba ta shigo ba, amma wadda ke ciki ma ba ta fita ba, ga zafin Jidda. Na dafa shinkafar nan, gida ya ɗauki ƙamshin wanki. Na wanke ta har hannuna ya yi fari, na shanya a saman bene, na zuba mata kanumfari da kirfa da duk abin da ke cikin kicin. Banza. Shayi sabulu, dabino sabulu, kunun Inna sabulu. Na watsa wa tattabarun maƙwabta, suka sauko, suka duba, suka tashi.

Shi kuwa ya ce bai ji komai ba. Yana zama ya cinye faranti, idonsa na ruwa, ya ce a ƙaro. Ya ce zubar da abinci haramun ne, kuma ba za a sayo ko ƙwaya ba sai wannan ta ƙare. A yadda na ga buhunan nan, sai mu kai babbar Sallah muna kumfa.

Inna ba ta yi gardama da shi ba, kin san halinta. Takan kai loma ɗaya, ta ajiye cokali, ta ce ta ƙoshi. Zobenta yanzu zamewa yake daga yatsa, kuma ta ce ba za ta sha azumi ko ɗaya ba. Ranar Juma'a ya matsa mata ta ci, har da kawo mata hadisi. Ta dube shi ta ce, "Abdulghaffar, ka bari in mutu tukuna a wanke ni. Kada ka fara tun yanzu daga ciki." Ni na tashi na shiga kicin, don kada a ga fuskata.

Washegari na ranci shinkafa wurin maƙwabciyata Aissa na dafa wa Inna ita kaɗai. Ta ci har da ƙari. Sai ga shi ya dawo, ya ɗanɗana daga tukunyar, ya juyo yana haske ya ce, "Kin gani? Halas, shi ke nan, ƙamshin ya fita. Haƙuri ne ba ku da shi." Na gaya masa ta Aissa ce. Bayan la'asar ya ce na tona masa asiri a unguwa, kada kwanon wani ya sake shigowa gidansa.

To Yaya, ni na gama nawa. Ya ƙi jin matarsa, ya ƙi jin tattabaru, ke kaɗai ce yake sunkuyar da kai in kin yi magana. Jiya Inna ta kira ni ta tambayi inda fasfonta yake. Ta ce in rubuta miki ki share mata ɗakinta na tsakar gida, gara ta yi azumi a kan fura a gabanki. Ba ta faɗa da fushi ba, shi ya sa na tsorata. Shi bai sani ba tukuna. Don Allah ki je gidan waya ki kira shi kafin a ga wata, kada ki yi masa ta lallashi. Ki kuma sa a share ɗakin, don na san ƙanenki.

Ki gaida Malam Ubale, da Mariama da angonta, da Baba Na'ibi, da Kassimu in ya dawo daga Agadas. Inna tana sa muku albarka.

Taki,
Mastura